Shunin Kadidja a Ƙofofin Zongo

Kafin masu koko su sauke tukunya, Kadidja ta riga ta shiga lungu. Jaka a kafaɗa, abin awon jini a ciki, ƙullin shuni a bakin zane. Ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin unguwa, amma ba mai zaman kujera ba ce. Gida gida take bi. Ta ɗaure maka hannu, ta matsa, ta kasa kunne, sannan ta tambaya ko fitsari na damunka, ko ƙafa na kumbura. In ta samu mai hawan jini ko ciwon suga, sai ta ɗiga shuni a jikin ƙofa. Da shi take gane gidan da za ta koma, da shi kuma za ta nuna wa manyanta yawan maganin da Zongo ke buƙata duk wata.

Sai dai abin ya zo a mugun lokaci. Ana ta raɗe-raɗin za a rushe tsohon Zongo, ga shi zamanin nan ba a tambayar hukuma dalili. Duk wanda ya ga mai cin albashin gwamnati na sa alama a ƙofarsa, sai ya ɗauka alamar rusau ce.

Sulemana mahauci ne ya fara. Ta gama auna matarsa Asibi ke nan, ta fito ta same shi da soso da bokiti.

"Baba Sule, me kake wankewa?"

"Abin da kika shafa, 'yar nan. Yau ki sa shuni, gobe katafila ta biyo sawunki."

"Wallahi na magani ne! Jinin Inna Asibi ya hau ƙwarai."

"Ya sauko dai. Da ke aka haife ta? Kanta ke ciwo, ta sha jiƙo."

Kafin Juma'a lungu ya ɗauka. Ranar da babban likita ya zo zagaye don ya gani da idonsa, ƙofofin Zongo fes, kamar ana shirin Sallah. Duk wanda aka tambaya sai ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. Likita ya yanka wa unguwa rabon magani daidai 'yan ɗigon da suka tsira. Kadidja na tsaye bayansa, ba ta tona asirin kowa ba.

Zongo kuwa an rushe shi, gida mai shuni da wanda aka wanke duk ɗaya. Aka kwashe mutane can bayan gari, rabon nan ɗan mitsitsi ya bi su. Kafin wata ya kai rabi maganin ya ƙare. Masu kayan miya sun sha ganinta a motar zuwa unguwar Bè da sassafe, za ta roƙo ragowar ƙwaya a wajen abokan aikinta. Wani watan ta samo, wani watan ta dawo hannu wofi. A irin watan nan ne Asibi ta faɗi a bakin turmi, ɓarin jikinta ya shanye.

Ke ce kika ɗauke ta zuwa asibiti, Kadidja. Ke ce kike zuwa kina juya ta kada bayanta ya yi gyambo, har Allah ya karɓi abinsa. Ko sau ɗaya ba a ji kin ce wa Sulemana "ai na faɗa maka" ba. Kika sake ɗaura ƙullin shuni, kika faro daga gidan farko, har aka ƙara rabon. Ya ƙaru, amma bayan an kai waɗansu makwanci.

Ni ba na manta wanda ya yi wa unguwa alheri, ba na manta wanda ba a gode masa ba. Ke kam ba a gode miki ba. To ga ta yau, ko da ta makara: mun gode, uwar marasa lafiya. Allah ya saka, ya sa ki huta lafiya.

Yanzu Kadidja ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Wata yarinya Fatouma ce za ta karɓi jakar, kuma an ce za a sake ƙirga marasa lafiya. Ku buɗe mata ƙofa, ku miƙa hannu, ku faɗi abin da ke damunku. Masu ƙarfi su raka ta lungu.

Mai shakka ya bi ta ƙofar Sulemana. Nasa jinin ya hau yanzu. In ruwan sama ya wanke ɗigon, da kansa yake fitowa ya mayar.