Katin Salla da Rairayin Gindin Dutse

Babanmu, Allah ya jiƙansa, hatimi yake sassaƙawa. Teburinsa na ƙarƙashin wata itaciyar bedi da ke kallon meri, wato ofishin magajin gari, a Dogon Dutsi, kuma duk wanda ya buɗe kanti, ko ya kafa ƙungiya, ko aka yi masa ƙarin girma har ya ga ya isa a riƙa buga sunansa a takarda, wurinsa yake zuwa. Kayan aikin ba su da yawa: reza da ya karya ya ɗaure a kara, guntayen roba, katako, da wani ɓallin madubi. Madubin nan shi ne babba, domin abin da aka sassaƙa a roba a juye yake fitowa a takarda, dama ta koma hagu. Sai ya yanka kaɗan, ya kara a madubi ya duba, sannan ya ci gaba. In yana aiki, ko gaisuwa da ka yake amsa ta.

Mu uku ya haifa: Yaya, sai ni, sai autanmu namiji. Innarmu daga wani ƙauye kusa da Lugu aka auro ta, kuma ba ta taɓa shiga lakkwal, makarantar boko, ba. Duk hatiman da suka ciyar da gidan, babu ɗaya da ta san abin da ke jikinsa. Ina jin wannan ne ya tsaya wa Baba a rai. Yana ganin ma'aikata na aika wa juna katin sabuwar shekara, sai wata rana cikin azumi ya kwaso tsofaffin silifa, ya yanke inda bai ci ba, ya sassaƙa wa kowannenmu alama maimakon suna. Yaya ta samu zabuwa, don bakinta ba ya rufuwa tun asuba. Auta ya samu zangarniyar gero, don da kaka aka haife shi. Ni kuwa aka ba ni hawainiya, wai in an aike ni sai in ɗaga ƙafa ɗaya in tsaya shawara. Na yi kuka na ce ban so. Babu wanda ya kula ni, kuma ga shi har yau ban fasa nawa ba.

Tun daga shekarar, in Salla ta ƙarato sai tsakar gidanmu ta cika da tarkace. Kwalin sukari muke warewa mu juya bayansa, ko bangon tsohon kaye, littafin rubutunmu na lakkwal. Yaya ce mai almakashi, ba ta ba kowa. Mu jiƙa ƙaro a gwangwani ya zama abin liƙi, mu dama galura ja da kore, mu goge takardar alewa mai ƙyalli da farce har ta miƙe, mu yi wa katin baki da ita. Can ƙarshe Baba ya buɗe tampo, ɗan akwatin soson tawada, kowa ya dangwala hatiminsa a tawada ya danna a tsakiya. Ya ce a danna sau ɗaya, a ɗaga a miƙe, kada a murza. Auta kullum sai ya murza, geronsa ya fito kamar tsintsiya.

Ranar Salla bayan an sauko daga idi muke kai wa Inna. Sai ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta nisanta katin da fuskarta yadda ta ga ma'aikata na yi, ta ɓata rai kamar mai duba takardar gwamnati.

"Wagga ta Zabuwa ta," in ji ta. "Wagga ta Auta. Wagga kuma ta mai nawa ta. To, wa yac ce ban iya karatu ba?"

Da ma kunyar ƴar fari ta hana ta kiran sunan Yaya, sai dai "ke" ko "waccan". Katin nan ne ya ba ta abin kiran ɗiyarta, ta riƙe shi har tsufa.

Akwai zare da ta ɗaura a bangon ɗakinta, daga taga zuwa ƙofa, nan take jera su. Hawainiyata, yadda Baba ya yi ta, kanta na wajen ƙofa, jelarta a naɗe wajen taga. Inna takan nuna wa baƙi ta ce, "Ku dube ta, kullum ƙohwa take dubi. Wagga ɗiya nisa za ta yi." Bakinta kuwa ya kama ni. Yaya ta yi aure a Yamai, Auta ya kama kasuwanci a Gaya, ni kuma da na fito malamar lakkwal aka jefa ni can gabas da Damagaram, inda zuwa gida sai babban hutu. Kowa ya tafi da hatiminsa. Baba ya rasu, aka ɗauke teburin daga gindin bedi, amma katin bai tsaya ba. Ko da waya ta zo muna kiran ta kullum, in Salla ta yi sai mun ba direba kati ya kai mata. Takan ce murya iska ce, kati kuwa ana rataye shi.

Shekarar da aka maido ni Tibiri, na yi murna ƙwarai, don yanzu ina iya shiga mota in je in gan ta in komo. A nan na tarar idonta ya tafi. Ta daɗe tana ɓoyewa, ta san ɗakinta da tsakar gidanta da ƙafa. Mun kai ta asibiti, likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, ciwon ya riga ya ci jijiyar. A hanya, tambayarta ɗaya ce: ko an ba awaki ruwa.

Ƙaramar Sallar shekarar ni na miƙa mata katunan uku da hannuna. Ta goge hannu a zane kamar kullum, ta karɓi na farko, ta nisanta shi da fuskarta. Zabuwar Yaya ce, ta riƙe ta ƙafafu a sama. Ta daɗe a haka. Matar maƙwabcinmu, da nufin alheri, ta leƙo ta ce, "Inna, na Yamai na." Sai Inna ta aje shi a tabarma, ba ta taɓa sauran ba.

"Ku bar wahala," ta ce. "Takarda duk ɗaya ta yanzu. In sai an hwaɗa min, ai ba karatu na ba."

Na shiga ɗakin girki na yi kukana. Haushi nake ji, na rasa wanda zan ji wa: maƙwabciyar, ko likitan, ko ni da na yi nisa har ido ya tafi ban sani ba. Abu ɗaya ne tak Inna ta taɓa karantawa da kanta a duniya, shi ne kuma aka karɓe.

Bayan ƴan makonni na je na iske ta tana rigima da wata yarinya da ta maido ƙwaryar aro. Inna ta shafa bayan ƙwaryar, ta ce wannan ba tata ba ce, tata zanen bakinta uku ne, wannan biyu. Gaskiyarta kuwa. Na tsaya ina kallon yatsunta na bin zanen. Kafin la'asar na ɗauki kwano na nufi gindin dutse, inda ruwan damina ke tara jan rairayi mai laushi.

Dabarar a baki mai sauƙi ce: a dangwala hatimi a ƙaro maimakon tawada, a danna, a barbaɗa rairayi tun da danshi, in ya bushe a kaɗe, zanen ya tashi yadda yatsa zai ji. A hannu kuwa ta ba ni wuya. In ƙaron ya yi ruwa, kwalin ya lanƙwashe, rairayin ya zube. In ya yi kauri, hawainiya ta koma dunƙulen tuwo. Na tankaɗe rairayin da rariya bai yi ba, sai da na tace shi da tsohon ɗankwali. Wanda ya fara yin kyau na shanya a bakin taga, na dawo daga lakkwal na tarar tururuwa sun yi biki a kai. Ana cikin haka hatimin kansa ya gaza. Robar ta tsufa ta bushe, ina ɗagawa jelar ta ɓalle ta zauna a takarda, sai ƙafa ta bi ta. Na zauna riƙe da guntayen aikin Baba a tafin hannu, na ji kamar yau aka yi rasuwar.

Ba ni da zaɓi. Na sayi sabon silifa, na ɗaura reza a kara, na ciro wani tsohon katina daga zaren Inna na aje a gaba. Na zana hawainiyar a roba daidai yadda nake ganin ta a katin, na bi da reza a hankali. Nawar tawa ta yi rana. Da na buga, ta fito da ƙwayar idonta da jelarta a naɗe, har na yaba wa kaina.

Sannan na ƙulla rairayi da ƙaro a leda biyu, ɗaya Yamai ɗaya Gaya. Direban ya taɓa ƙullin ya ce, "Madam, ƙasa ta ƙare a Yamai na?" Na ce ya kai dai. Auta bai yi gardama ba. Yaya ce ta kira ni, kuma da ka ji sallamarta ka san Baba bai yi kuskuren alama ba.

"Ke dai ba ki rabo da neman aiki. Kati ukku na, ɗiya ukku. Ko ba ta ji komi ba, cewa za ta yi ta ji, don kar ranki shi ɓaci. Kin san Inna."

Na ce ta yi abin da na ce kawai, ta tace rairayin, kada ta cika ƙaro. Amma maganarta ta zauna mini, don na san Inna ɗin. Tana iya yi mana karatun ƙarya mu tafi da murna, ita ta zauna da duhunta. Wannan shi na fi tsoro.

Ranar Layya, da hantsi, an yanka rago ana fiɗa a tsakar gida. Na kori kowa daga ɗakin, har maƙwabciyar, na ce duk wanda ya buɗe baki ni da shi ne. Na zauna a gefen tabarma na ɗora mata katunan a cinya.

"Ba na ce ku bari ba?"

"Kin ce, Inna. Taɓa dai."

Ta goge hannu a zane. Ta ɗora yatsa a na farko, ta janye da sauri, ta sake mayarwa. Ta bi doron, ta sauka wuya, ta tsaya a ƴan ramukan da Baba ya huda a jikin tsuntsuwar.

"Zabuwa," ta ce a hankali. "Ta cika ƙaro. Komi nata sai ta cika."

Na biyun bai ɗauke ta lokaci ba. Ta ce Auta har yanzu murzawa yake yi. Na yi dariya, amma ban gamsu ba. Saura ɗaya, ko yaro ya san na wane ne.

Ta ɗauki nawa. Yatsanta ya sami jelar, ya bi naɗin har ciki, ya komo. Ya tafi kai, ya sake komawa jela. Ta juya katin, ta laluba bakin takardar alewa ta gane sama da ƙasa, ta maido shi daidai. Fuskarta ta canza.

"Wagga ba hannun babanku ba ta."

Na ce mata tsohon ya karye, ni na sassaƙa wani.

"Kin duba madubi?"

Sai a lokacin na ɗaga kai na dubi zaren bango. Hawainiyoyin shekaru suna jere, kowace kanta wajen ƙofa. Na dubi wadda ke cinyar Inna. Na kwafe ta yadda take a kati, ta fito a juye, kuma na yi makonni ina kallon ta da idona biyu ban gani ba. Kunya ta kama ni, tare da wani daɗi da ban san inda zan sa shi ba, don wannan babu mai faɗa mata, babu kuma yadda za ta canka. Hawaye na zuba na ce ta kawo in gyara, zan sassaƙa wata kafin Salla mai zuwa.

Ta dafe katin da tafin hannu.

"Bar ta. Shekara nawa tana dubin ƙohwa, ina zamne ina kallon ƙeyarta. Yanzu ta juyo ciki." Ta miƙo mini hannu. "Tashe ni in rataye ta da kaina."

Na kama ta ta miƙe. Ta laluba bango har ta sami zaren, ta bi shi ta wuce tsofaffin katunan da ba ta iya bambantawa, ta rataye sababbin uku a ƙarshe, daidai tsayin hannunta. Daga tsakar gida aka kira ana tambayar yadda za a raba naman. Ta ce su jira, karatu take yi.