Malam Gwadabe da Abin da Ya Gani a Ɗakin Gwajin Jini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Agusta na shekarar 2025, jim kaɗan bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Gwadabe Mailafiya a gidansa da ke Takur, cikin Dutse, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya. Talatin da biyar daga ciki ya yi su ne a gaban allo yana koyar da kimiyya.

Malam, ka tafi ka bar ni da tambaya, kai da ba ka taɓa barin kowa ya huta da tambayoyinka ba.

A Garki na fara saninka, lokacin da aka turo ni koyarwa ina ɗanyen saurayi, ban san kowa a garin ba. Ka ba ni ɗaki a zauren gidanka, matarka Hajiya Ummi kuma ta riƙa aiko min da tuwo har na yi aure. Na tuna ranar da na tsawata wa wata ɗaliba don ta tambaye ni abin da ban sani ba. Ba ka yi min faɗa ba. Ka bari aka tashi, ka ja ni gindin darbejiya, ka ce, "Kamilu, me ta tambaye ka ne? Ni ma ina so in ji." Muka shafe awa guda muna binciken amsar a wani tsohon littafinka, ni ina jin kunya, kai kana murna kamar an yi maka albishir.

Shekara biyar na yi na gudu. Na samu kujera a ofis a Dutse, na yi sallama da alli, ban waiwaya ba. Kai ma an yi maka tayin irin wannan kujera har sau biyu ka ƙi. Gaskiya a lokacin taurin kai na ɗauki abin, kuma na sha faɗa a bayan idonka. Ka yafe min. Amma ban daina mamaki ba: aji mai yara tamanin, rufi na yoyo, muryarka ta dushe tun kafin azahar, me kake samu a ciki da har kullum kake fitowa da fara'a?

A bana, tambayar nan ta biyo ni har gida. 'Yata Adawiyya ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta ce ita koyarwa za ta karanta. Na ce ba da yawuna ba. Na riƙe takardar neman shiga kwalejin malamai na ƙi sa hannu, ita kuma ta daina dariya a gidan, ga ranar rufe karɓar takardu tana matsowa. Sai na zo wurinka, wata guda kafin rasuwarka, in roƙe ka ka hana ta, tunda kai ka san wahalar aikin kuma tana jin maganarka.

Ka saurare ni har na gama. Sai ka ce, "Motarka da mai? Kai ni Ringim."

A hanya ka gaya min abin da kake yi tun da ka ajiye aiki. Ashe bin tsofaffin ɗalibanka kake yi wuraren sana'arsu, su nuna maka abubuwan da ka koya musu a allo ba tare da kai ka taɓa ganinsu ba. Makarantunku ba su da kayan gwaji, daga littafi kake kwafa ka zana. Ka ce ka wuni wurin Misbahu mai haƙar rijiyar burtsatse, kana tara ƙasar da injin ke fitowa da ita kala-kala, har ka koma gida da laka a babbar riga Hajiya ta yi ta mita.

Ranar nan wurin Kubura muka je, wadda ke aikin gwajin jini a wani asibiti. Da ta gan ka ta durƙusa har ƙasa, ka ce ta tashi, yau ita ce malama. Ta ɗiga jini a ɗan gilashi, ta shafa masa ruwan magani, ta sa a ƙarƙashin na'urar duba ƙwayoyin cuta. Ka cire hula, ka kanga ido. Ka daɗe kana kallo.

"Malam, ka ga wani abu kamar zobe a cikin ƙwayar jinin?" in ji Kubura. "Shi ne mai kawo zazzaɓin cizon sauro."

"Wannan ɗan siririn?" ka ce, ba ka ɗago ba. "Shekara talatin da biyar ina zana shi da ƙiba. Kubura, me ya hana ki dawo ki gaya min?"

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ai da zanen naka ta gane shi ranar da ta fara gani, ƙibar ce kawai ta yi yawa. Daga nan ka dinga jero mata tambayoyi tana amsawa, kana gyaɗa kai. Ban taɓa ganin dattijo cikin farin ciki irin wannan ba, kuma na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Shekara ashirin da shida ina ofis, babu fayil ɗin da ya taɓa sa ni haka.

Da muka kamo hanyar Dutse na sake tayar da maganar Adawiyya. Ka ce ba za ka ce min aikin ba wahala ba, don akwai ta, kuma ba za ka hana yarinya ba, ba za ka zuga ta ba. "Amma kai ka taɓa tambayarta dalilinta?" Ni kuwa ban taɓa ba. Na sauke ka ina jin haushin ka ɓata min wuni ba ka biya min buƙata ba. Ganina da kai na ƙarshe ke nan kana kan ƙafafunka.

Girman kai ya hana ni tambayarta sai ranar da muka dawo daga addu'ar uku. Na kira ta tsakar gida na ce ta gaya min, me take nema a aikin nan. Ta sunkuyar da kai ta ce akwai yara goma sha biyu da take biya wa karatu a Islamiyyar unguwa, kowanne da irin kansa.

"Baba, so nake in ga abin da za su zama."

Na shiga ɗaki na ɗauko takardar na sa hannu, saura kwana biyu a rufe. Tsoron bai bar ni ba, Malam, har yanzu ina jiye mata wahalar. Abin da ya fi min ciwo shi ne na kama hanyar Takur in ba ka labari, sai da na kai kwanar gidanka na tuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ummi, da 'ya'yanka Talha da Najwa, da ɗalibanka waɗanda ba wanda ya san adadinsu. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah Ya jiƙan Malam Gwadabe, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa ilimin da ya bayar ya riƙa isar masa da lada har tashin ƙiyama. Ya Allah, bawanka ya yi rayuwarsa yana son ya gani da idonsa. Ka nuna masa Aljannar Firdausi. Amin.