Kawu da Kyamararsa a Masussuka

Jiya aka juya mini wani tsohon kaset zuwa waya, sai ga mahaifiyarmu, wadda ta rasu tun ina budurwa, tana shiƙar dawa tana dariya.

Marigayi kawunmu ne ya ɗauke ta. Shi ya fara kawo kyamarar bidiyo Mairuwa, kuma maimakon bukukuwa, masussuka yake bi da ita a kafaɗa, rigarsa duk ƙaiƙayi. Ran nan Inna ta kare fuska da ƙwarya.

"Yaya, me za a kalla a jikina?"

"Yi aikinki kawai. Jikokinki za su so ganinki."

Yau 'ya'yana sun san fuskar kakarsu, har autata na kwaikwayon dariyarta. Allah Ya haskaka kabarin Kawu, Ya sada shi da ƙanwarsa a Aljanna.