Ƙarar Kibod Ɗina da Jinyar Baba

Kibod ɗin da nake aiki da shi ni na haɗa shi da hannuna. Na sayo maɓallansa da allon lantarkinsa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, na kwana uku ina liƙa su da dalma, wani kafinta a layinmu na Agege ya yi mini akwatin katako. Aikina shi ne sauraron hirarrakin da aka naɗa in mayar da su rubutu, don haka tun safe har la'asar yatsuna na kansa. Ƙara gare shi kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ni kuwa daɗinta nake ji.

Sai Baba ya kwanta. Tun ban san kaina ba yake fawa a abbatuwa, rana ɗaya hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ganinsa ma ya ragu. Da aka sallamo shi daga asibiti, aka yi masa shimfiɗa a ɗakin da ke jikin nawa. Falanki ne kawai ya raba mu.

Mama ta leƙo wata rana da hantsi ta ce, "Likita fa ya ce ya riƙa samun barcin rana. Wannan ƙwas-ƙwas ɗin naki, haba!"

Ranar na kwance kibod ɗin. Na gane akwatin ne ke ƙara wa sautin ƙarfi, cikinsa fayau kamar ganga, sai na yanko soson tsohuwar katifa na cusa. Na cire maɓallan ɗaya bayan ɗaya ina shafa wa sifirin ɗinsu giris da ɗan burushi. Dogon maɓallin ƙasa ya fi ba ni wahala, wayar da ke riƙe da shi sai kaɗawa take, har sai da na naɗe ta da filasta. Daga ƙarshe na ninka tsohon zanena na shimfiɗa a ƙarƙashi. Da na gwada, hon ɗin motocin haya na danfo daga bakin titi ma ya fi shi ƙara.

Kwana biyu bayan nan, Mama ta tafi kasuwa, ina cikin aiki bayan azahar na ji Baba yana kira.

"Uwata! Uwata!"

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na same shi ya zamo daga kan matashi, yana laluben bango da hannunsa mai lafiya.

"Na zaci duk kun fita kun bar ni," ya ce, harshensa da nauyi.

"Ina nan, Baba. Aiki nake yi."

"To ban ji injin naki ba."

"Na rage masa ƙara ne don ka samu barci."

Ya ce, "Barci kam ai na ƙoshi da shi."

Ban cire soson ba, don Mama ma tana da gaskiya. Teburin na ɗauko na shigo da shi ɗakinsa, na ajiye dab da gadon. Yakan kama ƙafar teburin yana jin motsin yatsuna, a haka barcin ke ɗauke shi. Idan ya farka sai ya tambaye ni me mutanen cikin kunnena ke faɗi, in gaya masa, wani lokacin ya yi tsaki.

Haka muka zauna har damina ta sauka. Ya rasu wata Alhamis da hantsi, ina gefensa, Mama na shafa masa ruwa a goshi. Allah ya jiƙansa da rahama.