Enoch Pilling, Ɗan Ƙwallon da Bai Samu Hula Ba

Haihuwa da asali

An haifi Enoch Pilling ranar 3 ga watan Maris na shekarar 1884 a garin Calderby na lardin Lancashire, a layin da ke bayan babbar masaƙar auduga. Mahaifinsa, Abel Pilling, mai gyaran injin saƙa ne, mahaifiyarsa Dinah kuwa masaƙiya ce wadda ta shekara talatin da ɗaya tsaye a gaban inji har kunnenta ya yi nauyi, ta koma ba ta iya magana sai da ƙarfi. Cikin 'ya'ya shida da Allah ya ba su, biyu ne suka rayu, shi da ƙanwarsa Hetty. Tun yana ƙarami aka san shi da wata ɗabi'a da bai rabu da ita ba har kabari: idan aka yanka burodi, ba nasa yake fara dubawa ba, na wanda ke kusa da shi yake aunawa da ido.

Karatu da shiga masaƙa

A shekarar 1889 aka sa shi makarantar coci, a 1895 kuma ya fara rabin yini a aji, rabin yini a masaƙa, kamar sauran sa'o'insa. A nan ya haɗu da Seth Ormerod, ɗan wani mai keken dokin gawayi, siriri, mai yawan dariya, wanda babu mai kama shi a gudu ko da yana sanye da takalmin katako. Da ƙwallon tsumma suka fara a bayan masaƙa, kuma tun a lokacin kowa ya san rabon aikinsu. Enoch ke hango kafar da babu wanda ya gani ya zura ƙwallo a cikinta, Seth kuma ya riga kowa isa wurin.

Zama ɗan wasan sana'a

A watan Agusta na 1904 ƙungiyar Calderby ta ɗauke su rana ɗaya, ta sa su tare a ɓangaren hagu, Enoch daga ciki yana rabawa, Seth a bakin layi yana gudu. Ran nan da yamma Abel ya ɗauko guduma ya kafa doguwar ƙusa a bango, bisa murhu. A zamanin, duk wanda aka zaɓa ya buga wa Ingila wasa akan ba shi hular karammiski mai tuntu, kuma babu wata daraja da ta fi ta a idon mutanenmu.

"Wannan ƙusar ba ta riga ba ce, ba ta tawul ba ce," in ji tsohon. "Ta hular Enoch ce. Duk wanda ya rataya mata wani abu, ni da shi ne."

"To ka kafa biyu mana!" in ji Dinah da muryar nan tata da ake ji har ƙarshen layi. "Ko Seth zai zo ya ajiye tasa a nan."

Kowa ya yi dariya, har shi Enoch ɗin, amma maganar ta zauna masa a rai.

Daga 1904 zuwa 1908 babu ɓangaren hagu a arewacin ƙasar da ake tsoro kamar nasu. Sai dai 'yan kallo abin da ke gudu suke gani. Da zarar ƙwallo ta zo ƙafar Enoch, mutum dubu goma sha biyar za su ɗauki ihu, "A ba Seth! A ba Seth!" Ya ba shi, a ci, a ɗaga Seth sama. Jaridar yammacin Asabar takan cika rabin shafi da Ormerod, sannan ta ce a ƙasa Pilling ma ya taimaka. Enoch yakan bi layukan da ɗan yatsa yana ƙirga sau nawa aka ambaci kowannensu, kuma bai taɓa tashi daga wannan karatu da farin ciki ba. A gaskiya an tauye masa haƙƙi, wannan ba a musu. Abin da ya yi da ɓacin ran ne laifinsa.

Aure da zuriya

Ranar 2 ga watan Yuni na 1906 ya auri Clara Whittle, ita ma masaƙiya, mace mai haƙuri amma ba mai ɓoye magana ba. Shekara ɗaya bayan haka Seth ya auri Hetty, abokin wasa ya zama suruki. An haifa wa Enoch 'yarsa ta fari, Edith, a 1907, sannan namiji a watan Disamba na 1908, wanda Clara ta dage aka sa masa suna Seth, domin a ganinta abota irin wannan ba ta da na biyu. Enoch bai hana ba, don ba shi da hujjar da zai iya faɗa a gaban mutane.

Wasan 13 ga Fabrairu, 1909

A makon ne labari ya cika gari cewa ɗaya daga cikin masu zaɓen 'yan wasan ƙasa zai zo kallon wasan Asabar. Jarida ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa Ormerod zai zo dubawa. Enoch ya san matsayinsa na ciki a ƙungiyar ƙasa yana hannun wani ɗan jami'a daga kudu wanda ba a taɓa shi, saboda haka ya yi wa kansa lissafi: shi zai yi noman, wani ya kwashe amfanin, a kai hula gidan ƙanwarsa, ƙusar mahaifinsa kuma ta ci gaba da tsatsa.

Da aka fara wasa, baƙon yana zaune a rumfar manya da baƙar malafa, Enoch ya hana Seth ƙwallo. Ya ba na dama, ya mayar baya, ya buga raga da kansa daga inda babu mai hankalin da zai buga. Seth ya yi ta sheƙawa a bakin layi yana ɗaga hannu a banza. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya zo ya dafa kafaɗarsa yana haki.

"Suruki, lafiya dai? Ko ka manta ina gefen nan ne? Sanyi zai kashe ni, ƙafata ko warin ƙwallo ba ta ji ba."

"Ai kai ne mai gudu," in ji Enoch, bai ɗago kai daga igiyar takalminsa ba. "Je ka ɗauko abarka."

An ci Calderby ɗaya da nema. Mai baƙar malafa ya tashi tun saura minti goma. Da sunaye suka fito babu Ormerod, babu Pilling. Clara ta shaida cewa ran da ya karanta jerin, mijinta ya cinye kwano biyu na dankali da nama, har yana fito a bakin murhu. Daga ranar kuma bai sake kiran jaririn da sunansa ba. "Wannan yaron" yake cewa, da ya girma kuma sai "kai".

Rabuwa da ƙarshen wasa

A shekarar 1910 wata babbar ƙungiya daga Yorkshire ta ɗauke Seth. Enoch ya ɗauka yanzu za a ga ko wane ne mai aikin, sai al'amarin ya juye. Yakan zura ƙwallo a kafar da ya saba, babu wanda ya hango ta balle ya bi, ta gangara ta fita, 'yan kallo su yi masa ature. "Pilling, surukinka ya yi ƙaura, aika masa ta gidan waya!" in ji wani mai sayar da kifi, kuma wannan ba'ar ta bi shi shekaru. A watan Maris na 1912 aka zaɓi Seth ya buga wa Ingila wasa da Wales. Sau ɗaya tak aka kira shi, amma hula ta samu. A bazarar 1913 gwiwar Enoch ta hagu ta lalace, ya ajiye takalmi yana da shekara ashirin da tara, bayan wasa ɗari biyu da sittin da ɗaya.

Ya shiga soja a 1915, ya yi aikin jigilar kaya da alfadarai a Faransa, ya dawo a 1919 da ransa da lafiyarsa. Ƙungiyarsa ta dā ta ba shi aikin kula da fili, yana yankan ciyawa yana ja wa layi farar ƙasa.

Shekarun zagaye

A 1920 Seth ya dawo Calderby ya buɗe kantin jarida da taba a Titin Coci, Hetty kuma ta ajiye hular a tagar gilashin kantin, bisa farin ƙyalle. Titin nan ne hanyar Enoch ta zuwa aiki. Tun daga wannan mako ya koma bi ta gadar bakin ruwa, zagayen da ke ƙara masa minti ashirin safe da yamma, da gurguwar gwiwa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Shekara goma sha takwas ya yi yana wannan zagaye. Duk garin an san dalili, shi kuwa cewa yake likita ne ya ce ya riƙa tafiya.

Abel ya rasu a 1921, Dinah ta bi shi a 1924, Enoch ya koma gidan iyayensa da iyalinsa, ya gaji ƙusar da dokarta. Duk Kirsimeti Seth yakan aiko da gwangwanin taba da gaisuwa, duk Kirsimeti kuma a mayar masa.

"Me mutumin nan ya yi maka ne, Enoch?" Clara ta tambaye shi wata shekara.

"Da ƙwallona ya yi suna."

"To, ran da ka hana shi, kai sunan me ka yi?"

Ya ture gwangwanin, aka mayar kamar kowace shekara.

Rasuwar Seth Ormerod

Seth ya rasu da ciwon huhu ranar 20 ga watan Oktoba na 1938. Enoch ya halarci jana'iza, ya tsaya a bayan mutane. Kwana tara bayan haka, da hantsi, Hetty ta shigo gidan da ta girma a cikinsa, karo na farko cikin shekaru masu yawa, ta ajiye wani ƙunshi a kan tebur ta kwance. Hular ce, rana ta koɗar da gefe ɗaya.

"Ya ce a kawo maka, Yaya. Ya ce rabinta naka ne."

"Ba na karɓar sadaka."

"To karɓi magana, tunda ni ban yi alkawarin rufe baki ba. Ran da aka ba shi hular nan ya haɗu da mai baƙar malafa. Mutumin ya ce masa, a wancan zuwan ku biyu ya zo ɗauka. Ɗan jami'ar nan ya riga ya faɗa musu zai bar wasa, su kuma suna son mutum biyu da suka saba da ƙafar juna, a ɗauke su tare. Sunanka ne ma a sama a takardarsa. Ya zauna ya ga ko sau ɗaya ba ka ba Seth ba, sai ya koma ya ce musu ɓangaren hagun Calderby ya mutu."

Enoch ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke bango. Clara tana gefe tana jin su.

"Shekara ashirin da shida ya san wannan? Me ya hana shi faɗa mini?"

"Na tambaye shi har na gaji. Ya ce, 'Bar shi, Hetty. Ya yi ta jin haushina ya fi masa sauƙi da ya san shi ya yi wa kansa.'"

Duk wanda ya ɗauka Enoch zai fashe da kuka bai san shi ba. Ya buga tebur da tafin hannu, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kun gani ko? Kun ga irin abin nasa? Har a nan ma sai da ya fi ni!"

Shekarun ƙarshe

Bai rataya hular ba. Ya naɗe ta cikin ƙyallenta ya sa a aljihun tebur, washegari kuma ya ɗauko guduma ya zare ƙusar, ya bar ramin a buɗe, ya hana a liƙe. Ranar Litinin ya bi ta Titin Coci zuwa aiki, kuma bai sake bi ta gada ba. Ya ci gaba da kula da fili har 1946. Clara ta riga shi rasuwa a 1947. Waɗanda suka zauna da shi a benci a shekarun nan sun ce idan aka ambaci Ormerod yakan ce, "Gudu kawai ya iya," sannan ya ƙara da cewa, "Amma kullum yana wurin."

Rasuwa

Allah ya yi wa Enoch Pilling rasuwa ranar Juma'a, 9 ga watan Nuwamba na 1951, a gidan da aka haife shi, yana da shekara sittin da bakwai. An binne shi ranar Talata a maƙabartar coci ta Calderby, a ɓangaren hagu, layi ɗaya da kabarin surukinsa, bisa wasiyyar da ya bari. Ya rasu ya bar ƙanwarsa Hetty, da jikoki tara, da 'ya'ya huɗu: Edith, matar Harold Clegg, mai gyaran famfo, da Nellie, malamar makaranta a garin, da Abel, wanda ya yi ƙaura zuwa Kanada, da kuma Seth, direban jirgin ƙasa, wanda hular take hannunsa a yau, kuma wanda bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba sai da ya kusa cika shekara talatin.