Ranar da Mama Ta Ɓace a Tsohuwar Kwalejinta

Tun muna yara a Wusasa muke jin labarin kwalejin Mama. Kwalejin horar da malamai ce ta mata zalla a gefen Birmingham ta Ingila, matan coci ne suka kafa ta, kuma can aka tura Mama karatu tana budurwa, ita kaɗai baƙar fata a ajinsu. In ta fara ba mu labari ba ta gajiya: ginin jan bulo, hasumiya mai ƙararrawa, ɗakin cin abinci inda ba mai zama sai shugabar kwaleji ta zauna, da wani ɗan falo a bakin ƙofa inda namiji yake tsayawa, ko da uban ɗaliba ne, ba ya wucewa. Takan ce a can ta koyi komai, daga riƙe alli har guga.

Bayan rasuwar Baba na ɗauko ta ta zauna da ni a gidana a unguwar Whalley Range ta Manchester. Ba a daɗe ba muka fara lura da mantuwarta. Ta ɗora tukunya ba ruwa, ta tambaye ni ko Baba ya dawo, a cocinmu na Moss Side ta gaida mutum ta juya ta sake gaida shi. Likitanmu ya yi mata gwaje-gwaje, ya gaya mini ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai riƙa yi.

A wannan tsakanin ne 'yata, wadda aka haifa a Manchester, ta sami gurbin karatun gashin ƙashi a makarantar nan ta Mama. Yanzu jami'a ce, maza da mata, har sunan ma an canja. Wata rana ta kira ni ta ce jami'ar za ta yi taron tsofaffin ɗalibai, an gayyaci waɗanda suka yi zamanin mata zalla, za a sha shayi a zagaya da su. Ta ce mu kawo Kaka.

Ƙanena, wanda ke tuƙin bas kuma yake zaune a unguwar Sparkhill ta Birmingham, bai yarda ba. Ya ce Mama ta saba da ɗakinta da kujerarta, sabon wuri zai rikita ta. Na ce ai ba sabon wuri ba ne, wurin da ta fi so ne a duniya.

"Yaya, wurin da take so babu shi kuma," in ji shi. "Amma ke kike tare da ita, ke kika sani."

Ranar taron Asabar ce, ana yayyafi, ga sanyi. Mama ta ɗaura atamfarta shuɗiya, na sa mata kwat mai kauri. A mota hankalinta garau, tana ta rera waƙoƙin coci, har ta gyara mini wani baiti. Na ji daɗi, na ce a raina ƙanena tsoro ne kawai ya yi masa yawa.

Da muka shiga harabar sai ta daina waƙar. Gine-ginen gilashi ne ta ko'ina, samari suna wucewa da gajeren wando da jakar ƙwallo, 'yan mata wasu da hijabi wasu da gashi mai launi, kowa da waya a hannu. 'Yata ta taryo mu da gudu ta rungume kakarta. Mama ta damƙe hannuna, ta tambaye ni a hankali me maza suke yi a nan. 'Yata ta yi mata bayani da Hausarta mai gauraye da Turanci, cewa an daɗe da fara ɗaukar maza, tun da ɗalibai mata suka ragu aka haɗe kwalejin da wata. Mama ta ƙara damƙe hannuna. Sai da muka sha kwana ta ga tsohon ginin jan bulon a tsakiya, sababbin gine-gine sun kewaye shi, sannan ta sassauta riƙon.

A tsohon ɗakin cin abincin aka yi taron. Tsofaffin Turawa mata ne cike, wasu da sanda, wasu a keken guragu, suna ta dariya suna nuna hotunan bango. Mama ba ta gane kowa ba, ba kuma wanda ya gane ta. Ɗakin da zafi, na cire mata kwat na rataya a bayan kujera. Wani malami ya tashi yana ba da tarihi: yadda ɗakin sujada ya zama zauren jarrabawa, yadda aka daina kaɗa ƙararrawa, yadda tsofaffin ɗalibai suka yi ta ƙorafi lokacin da aka ce maza za su shigo. Yana cikin magana na tuna na bar maganin Mama a mota. Na raɗa wa 'yata ta kula da ita, na fita.

Wurin ajiye motoci da ɗan nisa. Da na dawo na tarar da 'yata tsaye da kofin shayi a hannu tana waige-waige. Kujerar Mama ba kowa. Kwat ɗin na nan a rataye, jakarta na ƙasa.

'Yata ta ce Kaka ce ta ce tana son shayi, ita kuma ta je ta bi layi, da ta juyo ba ta gan ta ba. Muka duba banɗaki, muka duba ɗan falon bakin ƙofa, muka bi doguwar baranda muna murɗa ƙofofi, duk a kulle. Na leƙa waje, yayyafin ya zama ruwa sosai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwat ɗin nan da ke hannuna. Tsohuwa ce da ciwon sukari, da rigar atamfa kawai a jikinta.

Na juya kan yarinyar na ce mata abu ɗaya na sa ta, abu ɗaya tak. Ta ce ni ma ai na san Kaka, me ya sa ban ɗauko maganin tun farko ba. Muka tsaya muna kallon juna. Sai na ja hannunta muka nufi ofishin masu gadi.

Wata mace ce a bakin aiki, doguwa, da baƙaƙen kayan sarki da hula. Ta tambayi kamannin Mama da abin da ta sa, ta yi magana a rediyonta, ta tura mutum biyu, ɗaya babbar ƙofa ɗaya bayan ɗakin karatu. Na tambaye ta me ke bayan ɗakin karatu. 'Yata ce ta amsa, ta ce tafki ne. Na tuna kuma babban titin da muka biyo, inda motocin bas ke wucewa ba tsayawa. Na zauna a kan wani benci.

A nan na kira ƙanena. Na gaya masa, ya ce ga shi nan zuwa.

Mai gadin ta kira 'yan sanda, ta kuma fara duba hotunan kyamarori. Can ta kira mu mu gani. Ga Mama tana fita ta wata ƙaramar ƙofa ta gefen ɗakin taron, ƙofar da ni ban ma lura da ita ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne tafiyarta. Matar da nake riƙewa ta hau matakala, ga ta tana sauri, kai a sunkuye, hannuwa a naɗe a ƙirji, kamar yarinyar da ta makara. Ta bi bayan ginin ta fita daga hoton. Mai gadin ta ce wannan ɓangaren babu kyamara.

Muka fita cikin ruwan muna kira. Ni ina cewa Mama, 'yata tana cewa Kaka. Ɗalibai suna tsayawa suna kallonmu, wasu samari da suka fito daga filin ƙwallo suka ajiye jakunkunansu suka bazu suna dubawa, ba tare da mun roƙe su ba. Na je bakin tafkin. Ruwan baƙi ne, ganye ya rufe gefensa, agwagi suna yawo. Na tsaya ina duba ciyawar bakin ruwan, ina addu'a kada in ga takalmi.

Da muka koma wajen tsohon ginin, labari ya riga ya kai ɗakin taron. Wata tsohuwa mai sanda ta fito ƙofa da lema, ta tare mu. Ta tambaya ta ina aka ga Mama ta bi. Da muka faɗa mata, ta ce a zamaninsu wannan hanyar ɗakin kwana take zuwa, kuma a ƙarƙashin ɗakin kwanan akwai ɗakin shanya mai bututun zafi. Ta ce ta tuna wata 'yar Afirka da ke gaba da ita a aji, kullum in an neme ta a can ake samunta. Ba ta taɓa yi mata magana ba, in ji ta, ba ta ma san sunanta ba.

Mai gadin ta ce ginin yanzu ofisoshin malamai ne, a kulle yake ranar Asabar. Sai 'yata ta ce amma ƙasan wurin ajiye kekuna ne, kuma ɗalibai sukan tokare ƙofar da dutse don kada su sha wahalar buɗe ta da kati.

Ƙofar a tokare take. Muka sauka matakalar siminti, wurin da duhu-duhu, yana warin danshi da man keke. A can ƙarshe, bayan jerin kekuna, Mama na zaune a ƙasa, ta jingina da wani tsohon bututu ta ɗora tafin hannuwanta a kai. Bututun sanyi ƙalau, an daɗe da kashe shi. Ɗankwalinta ya jiƙe, jikinta na karkarwa.

Mai gadin ce a gaba da tocila. Da Mama ta ga kayan sarkin sai ta yi yunƙurin tashi ta kasa. Ta fara magana da Turanci, da wata siririyar murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Tana roƙo kada a rubuta sunanta. Ta ce ɗumi kawai ta zo ji, yatsunta sun ƙi riƙe alƙalami. Ta ce 'yan ɗakinsu sun ce man gashinta na wari, sun tura gadonta bakin taga, kuma suna barin tagar a buɗe. Ta ce an gaya mata in aka sake kama ta a nan za a mayar da ita gida, kuma mahaifinta ya riga ya gaya wa duk gari 'yarsa tana Ingila.

Na durƙusa a gabanta na lulluɓa mata kwat ɗin.

"Mama, ni ce. Tashi mu tafi."

Ta dube ni, fuskarta ta washe, amma ba don ta gane ni ba.

"Kina jin Hausa?" in ji ta. "'Yar ina ce ke? Yaushe kika zo?"

Hawaye suka zubo mini. Ta kama hannuna da nata mai sanyi, ta matso kusa da kunnena.

"Share idonki. Kada ki bari su ga kina kuka, sai su ƙara."

Mai gadin ba ta jin Hausa, amma ta ji Turancin farko. Ta kashe tocilar, ta cire hularta, ta tsuguna. Ta ce wa Mama ba sunan wanda za a rubuta, ba kuma wanda za a mayar gida, an ba ta izini ta zauna a ɗaki mai ɗumi a sama. Mama ta tambaya ko shugaba ta sani. Matar ta ce shugaba ce da kanta ta aiko ta. Sai a lokacin Mama ta saki bututun.

Ƙanena ya iso muna ƙoƙarin ɗaga ta, da rigar aikinsa a jikinsa. Bai kalle ni ba. Ya sunkuya ya ɗauke ta cak, ya hau matakalar da ita. A sama ma'aikatan motar asibiti da mai gadin ta kira suna jira. Suka auna ta, suka naɗe ta da bargo, suka ce sanyi ya shige ta kuma sukarinta ya sauka, amma an same ta da wuri. Tsohuwar nan mai sanda tana tsaye gefe har aka gama. Ta matso kamar za ta yi magana, sai ta taɓa bargon kawai ta koma ciki.

Ba mu koma Manchester ranar ba, a Sparkhill muka kwana. Matar ƙanena ta yi farfesun kaza, Mama ta sha sosai ta yi barci. Ina jira ƙanena ya ce ai ya gaya mini, bai ce ba. Da 'yata ta ba shi labarin abin da Mama ta faɗa a ƙasa, ya tambaye ni ko na taɓa jin wannan. Na ce ban taɓa ba. Ya ce shi ma haka, ya tashi ya shiga kicin ya daɗe bai fito ba.

Da safe Mama ta gane mu duka. Ba ta tuna ruwan ba, ba ta tuna kekunan ba. Na tambaye ta a hankali yaya taron jiya, ta ce shayinsu ruwa-ruwa ne.

Bayan 'yan watanni jami'ar ta fara tattara labaran tsofaffin ɗalibai don tarihin makarantar, ana naɗar muryarsu. Aka tuntuɓi 'yata ko kakarta za ta yi magana, ko wani a madadinta. Yarinyar tana so a faɗi abin da muka ji, ta ce in ba a faɗa ba za a ɗauka kowa daɗi ya ji. Ƙanena ya ce Mama ta ɓoye abin nan tsawon rayuwarta da hankalinta, ba daidai ba ne mu tona shi don ciwo ya sa ta faɗa. Suka yi ta musu a waya, kowa na so in goyi bayansa. Na ce su ba ni lokaci. 'Yata ta gama karatu ta koma Manchester da aiki, Mama yanzu ba ta fita sai coci, ni kuwa har yau ban ba su amsa ba.