Ranar da Na Taya Ɗaki a Landan

Cikin duk shekarun da na yi a ofishin nan, ranar da ta ƙi barin raina ita ce ranar da na zauna yin ciniki da kwamfuta. Ku sababbin ma'aikata kuna jin ana kirana Mai Taya, kuna dariya ba ku san mafari ba. Gara ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin Usman, don shi in ya tashi ba da labarin nan gishiri yake zubawa da ludayi.

Na zo Madina a farkon shekarun casa'in, iƙamata, wato takardar izinin zama, tana hannun mahaifin mudir ɗinmu, shugaban ofishin nan, Allah ya jiƙansa. Ofishin a lokacin ɗaki biyu ne a hanyar Ƙuba, aikinmu nema wa masu Umra da ziyara masauki. Karatuna firamare ne da allo, Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Abin da Allah ya ba ni shi ne baki. Ni ake aikawa otal-otal na kewayen Harami, in zauna da manaja, a kawo shayi. Ya faɗi kuɗin ɗaki, in raba biyu in taya, ya ce albarka da nasa harshen, in miƙe kamar zan tafi, ya riƙo hannun rigata. In an sallama sai in hau sama in duba ɗakin, in murɗa famfo, in danna katifa. In bai yi mini ba ciniki ya tashi, ba mai jin haushin wani. Haka na yi shekaru, har na fara jin ba a haifi wanda zai ci ni a ciniki ba.

Bayan shekara ta dubu biyu da 'yan kai, ofis ya koma hannun ɗan maigidan, Ustaz Faisal, shi ne mudir. Haihuwar Madina ne, kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa. Yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa magana da ita da Larabci zai amsa maka. Surukinsa kuwa, Baba Alhaji Sani, tsohon tela ne mazaunin unguwar Bani Harisa, wanda ya baro ƙasar Kano tun yana saurayi amma ya taho da al'adarsa duka, ko allura bai bari a baya ba. Shekara goma sha wani abu Faisal yana auren 'yarsa, ba su taɓa cin abinci a faranti ɗaya ba. Tsohon bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "mutumin naku". In Faisal ya je gaisuwa, a bakin ƙofa yake tsayawa.

A shekarar da abin ya faru idon Baba Alhaji ya yi nauyi, har ya daina ganin rubutun Alƙur'aninsa. Aka samo masa likita a Landan, aka sa rana a cikin Rajab, bayan jira mai tsawo. Ba shi da ɗa namiji, don haka Faisal ne zai raka shi. Kuɗin aikin ya cinye kusan duk abin da suka tanada, ɗan abin da ya rage na masauki aka zuba a katin banki na ofis. Faisal ya kira ni ya ce da Larabci, "Ammu Habu, ɗaki biyu nake so, kusa da asibiti, kuma da rahusa. An ce akwai wani shafi a intanet da ake taya ɗaki. Kai ne sarkin tayi, Usman zai karanta maka."

Usman Basudane shi ne mai kula da lissafinmu, shi kaɗai ke karanta Turanci. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Otal-otal na manyan birane in suna da ɗakunan da ba su sayu ba, sai su ba shafin ya sayar da araha, amma a ɓoye sunansu don kada masu biyan cikakken kuɗi su ji. Kai mai nema za ka zaɓi birni, ka zaɓi yanki a taswira, ka zaɓi darajar otal da taurari, sannan ka rubuta abin da za ka iya biya. In wani otal ya karɓa, sai a gaya maka sunansa. In ba wanda ya karɓa, sai ka ƙara yanki ko ka jira wata rana ka sake. Na ce ashe kasuwa ce, Turawa sun koyi tayi. Usman ya ce eh, amma akwai bambanci, bari ya dawo daga banki ya ƙarasa mini. Ya riga ya sa kwanaki da lambar kati. Ya nuna mini wani maɓalli a ƙasan allo ya ce kada in taɓa shi.

Ya fita, ni kuwa na zauna ina kallon gurbin da ake rubuta kuɗi. Lamba dai ba ta buƙatar Turanci. A kasuwa tayin farko ba saye ba ne, jin bakin mai kaya ne. Na ce bari in jefa musu abin da ko a Ƙuba ba za a ba ka ɗaki da shi ba, su ce albarka, kafin Usman ya dawo na san inda suka tsaya. Na rubuta, na danna maɓallin nan.

Allon ya ɗan yi tunani, sai ga hoton wani dogon gini da rubutu manya-manya. Na ɗauka albarkar ce da Turanci. Da Usman ya shigo ya duba, sai ya cire tabarau ya zauna a hankali.

"Mabruk, ya Habu. Ka saya."

Na ce tayi kawai na yi. Ya ce a nan tayi shi ne saye, an riga an cire kuɗin kwanakin duka, ba a mayarwa, ba a canjawa. Sannan ya sa yatsa a wani ƙaramin gurbi da bai kai ga gyarawa ba kafin ya fita. Yawan ɗaki: ɗaya.

A nan ya kamata in tsaya in kira mudir. Ban tsaya ba, wannan kuwa shi ne wautata ta biyu, kuma ta fi ta farko. Na matsa wa Usman mu sake tayawa mu samo ɗaki na biyu kafin kowa ya ji. Ya ce shafin ba ya alkawarin otal ɗaya. Na ce tun da sun sallama da wuri, ɗakuna sun yi musu yawa, su ne za su sake karɓa. Muka taya, aka ƙi. Na ji daɗi, na ce yanzu ciniki ya fara. Muka ƙara yanki kamar yadda dokarsu ta ce, muka ƙara kuɗi, aka karɓa. Sai dai wani otal ne dabam, can kusa da filin jirgi, tafiyar da ta fi daga nan zuwa Badar in an shiga cunkoso. Katin kuwa ya ƙare.

Usman ya buga wa otal na farko waya. Suka ce makon a cike suke, babu ɗaki na biyu ko da cikakken kuɗi. Ya roƙi a ba mu mai gado biyu, suka ce baƙin shafin abin da ya rage ake ba su, kuma abin da ya rage mai gado ɗaya ne.

Faisal bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce ba zai iya ajiye tsohon da ba ya gani, ba ya jin Turanci, shi kaɗai a wani gefen gari ba. Kuma ba shi da fuskar da zai je ya ce wa surukinsa ɗaki ɗaya za su kwana. Ranar ce na fara jin ya yi mini doguwar Hausa. Ya ce, "Kai ka saya, kai za ka je ka gaya masa. In ya ce ba zai je ba, ranar likita ta wuce ke nan."

Bayan la'asar na tafi Bani Harisa. Na tarar da Baba Alhaji a zaune kan darduma, ga butar gahawa ga dabino a gabansa. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare ban sami bakin farawa ba. Daga baya na kwashe duka na faɗa. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya fara tambaya a hankali, kamar mai auna yadi.

"Ka ga ɗakin?"

"Ban gani ba, Baba."

"Ka ga mai ɗakin?"

"Ban gan shi ba."

"To da wa ka yi cinikin?"

"Da kwamfuta."

"Tayin farko ta sallama maka, kai kuma ba ka gudu ba? Habu, ko tunkiya aka sallama maka a tayin farko ai ka buɗe bakinta ka duba."

Na sunkuyar da kai. Ya ce shi tun da yake bai taɓa cire hula a gaban mutumin namu ba, ba kuwa a ƙasar Turawa zai fara ba. Ya ce a bar tafiyar, ya saba da duhun, abin da ya haddace ya ishe shi salla. Na roƙe shi, na ce laifina ne, kada ya hukunta idonsa a kan wautata. Na gaya masa abin da Usman ya karanta mana a takardar likita, cewa bayan aiki za a rufe idon na kwanaki, dole a sami mai ɗiga masa magani da mai riƙe masa hannu. Ya ɗauki butar gahawa zai zuba mini, ya riƙe ɗan kofin a hannun hagu, sai gahawar ta sauka a gefen kofin ta jiƙa darduma. Ya ji zafinta a yatsunsa. Ni na kau da kai, shi kuma ya ajiye butar. A lokacin an fara shirin magariba.

Can ya ce, "A asibitin Turawa, mai kula da majiyyaci me ake ce masa?"

Na ce nas.

"To ka koma ka gaya wa mutumin naku, ni ban yarda in kwana ɗaki ɗaya da surukina ba, ba kuma zan yarda ba. Amma in ofishinku zai haɗa ni da nas, ba ni da magana. Sai dai ku zaɓo mai hankali, ba wanda aka tayo a kwamfuta ba."

Haka aka yi tafiyar. Tun daga cikin jirgi Baba Alhaji bai kira Faisal da komai ba sai Nas. Gadon ɗaya ne kamar yadda aka faɗa, Faisal ya shimfiɗa bargo a ƙasa tsakanin gado da ƙofar banɗaki. Bayan aikin na buga waya in yi sannu, tsohon ne ya ɗauka. Ya ce Nas ya fita neman burodi, yana da kirki, hannunsa da sanyi wajen ɗiga magani, sai dai in gaya wa ofis yana minshari. Ɗakin filin jirgi kuwa haka ya ƙare kwanakinsa ba wanda ya kwana a ciki. Har yau Usman yana tambayata ko na sami ɗan haya a gidana na Landan.

Ranar da suka dawo na je tarbarsu. Baba Alhaji ya fito da baƙin tabarau, yana tafiya ba jagora. Ya hango ni daga nesa ya ce, "Mai Taya, ashe haka ka yi furfura." Daga nan sunan ya bi ni. Da muka isa wajen motoci sai ya juya gefe, ya gaida Faisal gaisuwar suruki, kansa a kauce, ya yi masa sannu da zuwa kamar ba jirgi ɗaya ya sauke su ba, ya shiga wata motar dabam. A hanya Faisal yana dafe da ƙugu ya ce mini bayansa ba zai yafe mini ba. Sannan ya ce a kwanakin nan tsohon ya ba shi labarin yadda ya ratso Sudan, da shekarun da ya yi yana ɗinki a hanya don ya tara kuɗin jirgin ruwa, abin da ko 'yarsa ba ta sani ba.

Kada ku ce kuskurena ya zama alheri. Kuskure ne, dattakon tsohon ne ya rufa mini asiri. Abin da na koya shi ne kada ka taya abin da ba ka shirya saya ba, kuma in an ce kada ka taɓa, ka jira mai karatun ya dawo. Na kuma koyi cewa aikinmu ba farashi ba ne kawai. Ku da kuke kama ɗaki yanzu da waya a tafin hannu, kafin ku danna ku tambayi wa zai tafi da wa, wa ke jin nauyin wa, wa zai iya cire hula a gaban wa. Babu shafin da ke da gurbin wannan tambayar.

Baba Alhaji ya yi shekaru yana karatunsa a Harami da idonsa, Faisal kuma ya koma tsayawa a bakin ƙofa. Sai a ciwonsa na ƙarshe, da ya kasa tashi da kansa, aka kawo masu ɗaga shi ya ƙi kowa. Ya ce wa 'yarsa a buga waya ofishin Ƙuba, a turo masa nas ɗin nan na Landan.